Jan Tabo a Dutsen Sourwood

Tun da kamfanin kwal ya gama sare kan Dutsen Sourwood da nakiya ya kwashe abin da zai kwasa, sai aka wayi gari wai shi ne kuma masoyin tsirrai. Doka ta ce sai ƙasa ta yi kore kafin gwamnati ta sakar masa abin da ya ajiye jingina, to kore kuwa za ta yi, ko ta ƙi ko ta so. Suka ture tarkacen duwatsu da katafila, suka danne shi ya yi tauri kamar daɓen siminti, sannan suka fesa masa irin wata ciyawa mai kara kamar waya, wadda saniya kan sunsuna ta kau da kai. Itace bai kama a wurin ba, tsuntsu ma bai ga abin sauka ba. Amma wa ya damu? Daga sama ake dubawa, kuma Lonzo Begley ne mai dubawar.

Lonzo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa tifa a kan wannan dutsen, har sai da bayansa ya ce ya gaji. Da aka rufe haƙa, kamfani ya tura shi wani ɗan kwas a garin Hazard, ya dawo da hula mai tambari da ƙaramin jirgi marar matuƙi a cikin akwati. Shi ke nan, kan mutum ya kumbura. Wanda jiya ake cin wake da burodin masara da shi a bayan mota, yau shi ne ke cewa "mutanen nan namu" yana taɓe baki. Aikin nasa kuwa bai taka kara ya karya ba. Zai faka a-kori-kurarsa a bakin fili, ya saki jirgin, ya kishingiɗa da kofin kofi a hannu. Jirgin ya kewaya ya dawo, kwamfuta ta haɗa hotunan ta fitar da taswira: inda ciyawa ta kama ya fito kore, inda take jan ƙafa ya fito ruwan ɗorawa, inda ƙasa take tsirara ya fito ja. Takalmin Lonzo rabonsa da taɓo har ya manta.

Wata ran Litinin, ya kai taswirar ofis, wato wata tirela da aka mayar ɗaki, mai na'urar sanyaya ɗaki, inda manajan aikin, Mista Dreyer, yake zaman jiran ranar da zai koma Ohio. Sufeton gwamnati na tafe ƙarshen wata. Dreyer ya ja hoton a kan allo yana gyaɗa kai, kore shar daga wannan gefe zuwa wancan, sai yatsansa ya tsaya cak.

"Kai, Begley. Wannan ƙurjin fa?"

A tsakiyar koren akwai ɗan tabo ja wur. Lonzo bai buƙaci ya matso ba, tun a mota ya gan shi, kuma ya san ko mene ne. Maƙabartar Begley ce.

Doka ba ta bari a taɓa kabari, don haka da aka sare dutsen sai aka yanka aka kewaye ta, aka bar ta a tsaye ita kaɗai a kan wani dogon tudu. Kakanninsa na can, ubansa na can, uwarsa na can. Babu mai rubutaccen dutse a cikinsu, talakawa ne, kowa an kafa masa ɗan dutsen rafi a wajen kai. Lahadi mai zuwa ce Ranar Ado, ranar da dangi ke hawa su ɗora furanni, su yi waƙa, su ci abinci a wurin. Kafin ranar kuwa sai an kankare maƙabartar tas da fartanya, ba a barin ko tsinken ciyawa, a kuma tara wa kowane kabari sabuwar ƙasa ya yi tudu. A wajen tsofaffinmu, ciyawa a kan mamaci alama ce ta ba shi da kowa. Mai yin wannan aikin duk shekara ita ce yayarsa Verlie, wadda ta haura saba'in, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta ganin komai sai inuwa. Da hannu take gane kowa, ta shafa dutse ta faɗi sunan mai shi. Kusa da uwarsu kuma ta bar fili daidai kwanciyar mutum ɗaya. Duk wanda ya san Verlie ya san ba ta da sauran buri a duniya sai a kwantar da ita a nan.

Kalma ɗaya ce za ta raba gardama. Maƙabarta ba ta cikin lissafin kamfani, da an faɗa sai a zagaye ta da layi a wuce. To amma Dreyer mutum ne mai dariya da mutanen tsauni. Ya sha ba da labarin masu kai wa gawa soyayyiyar kaza, kuma ya taɓa dafa kafaɗar Lonzo ya ce, "Kai dai ka fita daban, Begley." Wannan magana Lonzo ya adana ta a zuciya kamar lambar yabo. Yanzu ya buɗe baki ya ce yayarsa ce ke rarrafe da fartanya tana tsige abin da kamfani ya shuka?

"Ɗan faƙo ne, yallaɓai," in ji shi. "Ƙasar wurin ce ta ƙi iri. Bar ni da shi."

"Ba na son sufeto ya ga ja ko na ƙwayar gero. In ya ga ja sai ya fito daga mota, in ya fito daga mota kuwa sai ya fara tambaya."

"An gama, yallaɓai."

Dreyer ya dangwala tabon da alƙalamin allo, wata 'yar tuta ta bayyana a kansa. Lonzo ya ga tutar sarai. Bai tambayi ko ta mece ce ba.

Washegari ya tuƙa har gindin tudun ya danna hon. Shiru. Ya sake dannawa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya fito yana tsaki ya kama 'yar hanyar da ta hau, yana takawa a hankali kada ya ɓata takalmi. Ya iske ta durƙushe cikin tsohon wandon marigayi mijinta, da guntuwar fartanya, tana lallashin tudun wani kabari da tafin hannu.

"Yaya, ba ki ji hon ba ne?"

"Na ji. Na ɗauka mai tallar askirim ne. Wane ne? A'a, mai ungulu ne da kansa? Yau ƙafa ta tuna aikinta?"

"Jirgi ne, ba ungulu ba."

"Abin da ke shawagi a kan matattu bai sauko ya gaishe su ba, me sunansa a makarantarku? Jiya ta yi ta zarya a kaina kamar ta ga mushe. Na ce mata tukuna, da sauran numfashi."

Lonzo ya gyara hula ya yi muryar ofis. Ya ce mata bana dai ta haƙura, ta bar ciyawar ta ɗan tofo ko zuwa ƙarshen wata. Ya ce aikin da take yi yana ɓata taswira. Ya ce ai duniya ta ci gaba, ko a birnin Lexington ciyawa ake shuka wa matattu, har biya ake a yi musu aski.

"To su je su mutu a Lexington," in ji Verlie. "Taswirar me na ɓata?"

"Wurin nan ja yake fitowa."

"Ja? To ai jar ƙasa ce, auta. Da wane launi kake so ta fito? Ku da kuka aske wa dutse kai, kuka shafa masa kore, kuna yi wa gwamnati ungulu da kan zabo, ni ce mai ɓata muku aiki? Ka taɓa sa hannu a cikin ciyawar nan taku? Ƙasanta tsakuwa ce zalla, ko tana babu. Kallon kitse ake yi wa rogo."

"Ba za ki gane ba, Yaya."

"Ina zan gane, ni da ban yi kwas ba." Ta laluba gefenta ta kama wani dutse. "Zo nan. Kawo hannunka ka ji na Mama. Akwai ɗan tsagi a kafaɗarsa, yatsa na shiga daidai. Rabonka da Ranar Ado tun kana da gashi a ka. Kawo hannun, ba cizo yake ba."

Ya dubi hannunta, duk jar ƙasa har gwiwar hannu. Ya cusa nasa a aljihu.

"Na san shi, Yaya. Uwata ce fa."

"Uhm," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Ya sauko yana lissafi irin na masu wayon banza. Lahadi za a yi taro a watse, ruwan bazara na sauka, kafin sufeto ya zo ciyawa ta ɗan rufe, ja ya koma ruwan ɗorawa. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Bai ce mata komai game da tutar ba, don shi kansa ya hana zuciyarsa tunawa da ita.

Tutar kuwa ba ta manta da kanta ba. Duk inda Dreyer ya dangwala, kai tsaye yake zuwa allon 'yan kwangilar feshi, wasu mutane daga Tennessee da ba su san kowa a nan ba. Tankarsu cike take da dagwalon iri da taki da niƙaƙƙiyar takarda da koren rini, a samanta kuma akwai bindigar ruwa da ke iya jifa daga gindin tudu har ƙololuwarsa. Su ma ba sa fita daga mota, don me za su fita? Ran Asabar da hantsi suka bi ɗigon har inda hanya ta ƙare, suka ɗaga kai suka ga gangare, suka saita bindiga sama. Shingen maƙabartar tun zamanin nakiya ya faɗi, ba abin da ake hangowa daga ƙasa. Suka sakar mata ruwa har sai da tanki ya yi rabi, suka juya suka tafi cin abinci. Da la'asar kuma sama ta ƙara nata.

Lonzo na gari yana wanke mota saƙon Dreyer ya shigo: an yi maganin ƙurjin nan, ran Litinin a sake ɗauko hoto. Ya karanta, ya gane abin da tutar nan ta jawo. Da mutumin kirki ne, da ya yar da soso ya hau dutsen a lokacin, ko ya kira yayarsa. Lonzo ya tsaya da tiyo a hannu ya ce wa kansa ai iri ne kawai, iri bai taɓa kashe kowa ba. Ya ƙarasa wanke tayoyin.

Ran Lahadi ya sa rigar coci, ya ɗauki kwamfutar hannunsa, ya bi ayarin motoci. Dangi sun zo daga Dayton da Detroit da ko'ina, da kwandunan furannin roba, da kaza, da wake, da kek ɗin busasshiyar tuffa. Ana ta hayaniya a kan hanyar hawa, har na gaba suka kai sama. Daga nan hayaniyar ta fara mutuwa, tun daga gaba har ta iso baya.

Komai kore ne, irin koren da ba Allah ya yi shi ba. Bencin zama kore, teburin abinci kore, ƙasa ta zama wani dagwalo mai warin taki. Tuddan da Verlie ta tara da hannunta, ƙasa ce sabuwa mai laushi, ƙarfin ruwan ya baje su sun zama fili ɗaya. Duwatsun kuwa ya tumɓuke su, ruwan sama ya ƙarasa gangarar da su, sun taru a kwari ta gefen yamma, wasu ma sun faɗa ƙasa cikin tarkacen kamfani.

Verlie na riƙe da hannun Oma, 'yar kawunsu, tana tambaya, "Me ya faru? Wa ya faɗi? Oma, warin me nake ji?" Ta saki hannun, ta taka zuwa inda ƙafarta ta saba, ta durƙusa da farar rigarta ta Lahadi. Ta miƙa hannu inda dutse yake, ta damƙo dagwalo. Ta matsa ta sake lalubawa. Ta rarrafa gaba, ta dawo baya, ta yi dama. Mata suka fara kuka. Ita ba ta yi ba, lalube kawai take, hannuwanta kore har kafaɗa.

Maza kuwa suka shiga abin da suka fi iyawa. Wani ya ce a kira lauya, wani ya ce a kira 'yan jarida. Kawu Estill, wanda rabonsa da wurin ya fi na Lonzo daɗewa, ya rantse kabarin Goggo Hettie, uwar su Verlie, yana layi na biyu. Matarsa ta ce ƙarya yake, na uku ne. Wani daga Detroit ya ce shi dai ya tuna akwai wani itace a kusa, aka tuna masa itacen ya bushe tun kafin a haifi 'ya'yansa. Masu zuwa duk shekara ma kaza suke ci su ɗauki hoto, Verlie na nuna musu inda za su ajiye fure, ba wanda ya taɓa ganin dalilin riƙewa a ka.

A nan ne Lonzo ya ga ƙofar fita, har da ɗan guntun alfahari. Ya ɗaga kwamfutar.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Ba abin da ya ɓata. Ina da hoton wurin nan na ran Litinin, kowane kabari ya fito."

Aka yo kansa. Gaskiya ya faɗa, hoton ya yi kyau. Da ya buɗa shi, ga tuddan nan jere, kowanne da inuwarsa, har tabon fartanya ana gani. Kawu Estill ya ce kai, kimiyya ba ƙarya ba. Lonzo ya ratsa ya je ya tsaya a kan yayarsa.

"Yaya, tashi. Ga su nan duka a hannuna."

Verlie ta tsugunna a kan dugaduganta, ta juyo da fuskarta wajen muryar.

"Ran Litinin ka ce?"

"E."

"Shi ne jan da ka ce na ɓata?"

"Shi ne."

"Oganka ya gani?"

Lonzo ya kau da kai. Oma ta dube shi, Kawu Estill ma ya daina murmushi.

"Da ya gani, ka ce masa su wane ne a wurin?"

"Yaya, ba lokacin wannan ba ne. Abin da ya faru ya faru. Ke dai faɗa min, na Mama na nawa ne daga gabas, ni kuma in ƙirga a hoto, a auna a mayar."

"Na nawa?" Ta yi wata gajeriyar dariya. "Buhunan masara ne da zan ƙirga su? Ni dutse nake bi. Daga mai kaifi sai mai santsi, daga mai santsi sai na jariran Oma, haka har in kai mai tsagi. Ka mayar min da duwatsun inda suke, in kai ka ido rufe." Ta share hannu a rigarta, ya bar koren shati. "Amma me ya kawo wahala? Kai ka ce ka san shi. Ran Talata a nan wurin ka ce min uwarka ce. Ga hoto a hannunka, ga ido Allah ya bar maka. Ɗora yatsa, Oma ta gani."

Ya sunkuyar da kai kan allon. Ya buɗa hoton, ya ƙara buɗawa har ya dushe. Ya tsuke shi. Tuddai ne dai jajaye, kowanne kamar ɗan'uwansa, duwatsun kuma ɗige-ɗige ne da ba a ganin tsagi ko santsi. Ya nemi filin da ta bar wa kanta, sai ya ga gurabe a wurare da dama, don ita Verlie ba ta tara ƙasa a hanyar wucewa. Ran Talata yana tsaye a gefen kabarin, taku ɗaya tsakaninsu, amma takalminsa yake kallo. Yatsansa ya yi ta yawo a saman gilashin bai sauka ba.

"Ya nuna?" in ji Verlie.

"Bai nuna ba, Yaya," in ji Oma.

Verlie ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta miƙa hannu, Lonzo ya yi sauri ya kawo nasa, ta ji hannun wane ne ta ture shi. Oma ce ta ɗaga ta.

"Ku ci abincinku, kada ya lalace," in ji ta. "Furannin ku zuba ko'ina, duk wanda ya samu nasa ne. Oma, ki riƙe wannan, ke ce shaida. In na mutu ku kai ni sabuwar maƙabartar gari, ta bakin titi, kusa da gidan mai. Ba zan kwanta a gefen wanda ban sani ba ina ce masa Mama."

"Haba Yaya," in ji Lonzo. "Za a gyara. Wallahi zan sa a gyara."

Ba ta ko juyo ba. Ta kama hanyar sauka a hankali, hannunta a kafaɗar Oma, har ta kai bakin gangaren sannan ta tsaya.

"Gobe ka saki ungulun taka, auta. Ka gaya wa oganka ya kwanta da minshari, mun yi kore."